Ɗumamen Kallo: Gurbin Waƙa a Jerin Finafinan Hausa

Duk lokacin da wani ɗan boko ya fitar da jerin finafinan Hausa goma da ya ce sun fi kowanne, tun kafin in duba na san abin da zan tarar. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ne a sama. Ƙasarmu Ce na Saddiq Ɓalewa yana biye, Kulɓa Na Ɓarna yana gefe. Daga nan sai a yi tsalle ɗaya a dira kan finafinan kwanan nan masu hoto tangaran, irin su Mai Martaba da Nijeriya ta miƙa gasar Oscar a 2024. Tsakanin waɗancan da waɗannan an bar wawakeken rami, wato zamanin kaset, daga wajen 1997 zuwa 2007, lokacin da fim ɗin Hausa ya shiga kowane ɗaki daga Kano har Maraɗi, har zangon Kumasi. In ka tambayi mai jerin dalili, amsar guda ce: ai waɗancan rawa da waƙa ne kawai, kwaikwayon Indiya. Wannan amsa ce nake so in tanka wa, domin a ganina ta mutumin da ya kalli finafinan sau ɗaya ce, yana kallo yana tsaki.

Jerin gwanaye iri biyu ne. Akwai na hukuma da na masana, irin wanda mujallar Sight and Sound ta Ingila ke fitarwa duk shekara goma tun 1952, inda Citizen Kane ya yi kane-kane a sama daga 1962 har 2002, Vertigo ya ture shi a 2012, Jeanne Dielman kuma ya ture Vertigo a 2022. Wannan jeri ne na tarihi, ana auna fim da abin da ya fara kawowa da waɗanda suka koya daga gare shi. Akwai kuma jerin da mutum ke yi wa kansa, a bayan littafi ko a cikin waya, ba mai ba shi digiri a kai. Matsalar masu jerinmu ita ce suna zama su rubuta na biyun da ma'aunin na farkon. Suna sa fim a sama don ya kamata a ce suna sonsa. Tambayi ɗayansu yaushe rabonsa da kallon Shaihu Umar daga farko har ƙarshe, ka ji kame-kame.

Ma'aunina ɗaya ne. Fim kamar tuwo yake: da zafinsa da dare kowanne na ciyuwa, amma sai da safe, a ɗumame, ake gane wanda ya tuƙu da wanda ya yi gudaji. A kallon farko son sanin ƙarshe ne ke jan mutum. Zai aure ta? Asirin kishiyar zai tonu? Wannan ƙishirwa kan rufe aibi mai yawa. A kallo na biyu an riga an san komai, saboda haka abin da ya rage shi ne aikin kansa. Fim ɗin da ba shi da komai sai ƙarshensa, da an san ƙarshen ya mutu. Don haka ba na sa fim a jeri sai na maimaita shi, kuma ba na maimaita shi a makon da na fara gani. Sai an daɗe, har na manta tufafin da jaruma ta sa, sannan in koma. Wanda zan koma wa kuwa ba na duba kyaututtukan da ya ci. Ina duba wanda wani yanki nasa ke faɗo mini a rai ba tare da na kira shi ba, ina cikin mota ko ina jiran layi a banki. Da na bi diddigin waɗannan yankuna sai na ga galibinsu waƙa ce.

Tarihin gajere ne, kuma yawancinmu mun san shi. 'Yan kasuwar Labanan da suka mallaki silimu ne suka kawo finafinan Indiya Arewa, mutanen Kano suka yi ta tururuwa a Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna cewa Mother India na 1957 yana iya cika silima shekaru da dama bayan fitowarsa, da mutanen da suka riga suka haddace shi. Ashe maimaita kallo tsohuwar ɗabi'armu ce. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, Gimbiya Fatima ya biyo baya, marubutan littattafan soyayya irin su Ado Ahmad Gidan Dabino suka mayar da labaransu fim. A 1999 Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim, a shekarar ce kuma Sunusi Shehu Daneji ya raɗa sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa. Sangaya na kamfanin Sarauniya ya mamaye kasuwa a 2000, Wasila da Mujadala suka zo a shekarar. A ƙarshen shekarar gwamnatin Kano ta dakatar da harkar, a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. Daga 2007 hukumar ta tsananta a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, aka ɗaure Adam A. Zango, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. Satar fasaha ta cinye kasuwar faifai, Arewa24 ta buɗe a 2014, YouTube ta ƙarasa sauran, muka shiga zamanin masu dogon zango. A duk wannan tafiya abin da aka fi duka shi ne waƙa. Malami ya ce ɓata tarbiyya ce, ɗan boko ya ce ɓata fasaha ce. Ban taɓa ganin abin da ya haɗa kan waɗannan biyun kamar ƙin waƙar fim ba.

To mu dubi aikin da take yi. A ɗauki fitowar da duk mai kallon finafinan zamanin ya gani sau ba adadi. Saurayi ya zo zance, yana zaure ko a kan dakali. Budurwa ta fito, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna a ɗan nesa, kai a sunkuye, tana murza gefen mayafi. Ina wuni, ina gajiya, ya mutanen gida, ya makaranta. Ƙanwarta ta kawo ruwa a kofi ta tsaya leƙe. Ya yi magana doguwa, ita kuwa amsarta ba ta wuce to da uhum. Wanda bai san mu ba zai ce rubutun ya yi rauni, jarumar ba ta iya wasa ba. Alhali gaskiyar rayuwa aka ɗauka: 'yar mutunci ba ta buɗa baki a ƙofar gidan ubanta ta ce ina sonka. Kunya ta rufe wannan ƙofa, kuma darakta ba shi da ikon ɓalle ta ba tare da fim ɗin ya daina zama na Hausawa ba. Fim ɗin Amurka zai warware matsalar da sumba. Namu ba shi da sumba, ko riƙe hannu ba shi da shi. To ta yaya za a nuna wa mai kallo abin da ke zuciyar yarinyar nan?

Sai a yanke hoton. Ga su a fili, a bakin dam ko cikin lambu, tufafi sun sauya, fiyano ya tashi. Sauyin tufafin nan da ake yi wa dariya sanarwa ce ga mai kallo cewa an fita daga zaure, an shiga inda dokar zaure ba ta aiki. Namiji ya yi baitinsa. Yanzu sai a saurari mace. Wadda ɗazu ba ta iya haɗa jimla ba, ga ta da baiti cikakke, tsawonsa daidai da nasa, a kan ƙafiyar da ya kafa. A waƙar da aka tsara da hankali, ba maimaita maganarsa take yi ba. Tana ɗaukar kalmar da ya ƙare da ita ta juya ta. Ya yi alkawari, ta tambayi shaida. Ya yabi kyanta, ta tuna masa cewa kyau na gushewa, ta nemi jin abin da zai rage. Ya ambaci aure, ta ambaci mahaifiyarsa da ba ta son ta. A minti biyar an yi cinikin da zube ba zai iya yi a minti talatin ba, kuma ba wanda ya zubar da mutuncinsa, domin kowa ya san a zuci aka yi. Da aka dawo zauren tana nan kai a sunkuye, amma mai kallo ya riga ya san sharuɗɗanta. Duk shirun da za ta yi nan gaba yana da fassara.

'Yan amshi ma ba ado ba ne. Ayarin 'yan matan nan da ke bayan jaruma suna tafi suna juyi su ne mutanen gari. A rayuwar Bahaushe babu soyayyar mutum biyu zalla: akwai ƙawaye, akwai gwaggo, akwai 'yan unguwa masu ido. Amshi shi ne bakinsu. Wani lokaci yana goyon bayan masoyan, wani lokaci yana maimaita gargaɗi guda bayan kowane baiti, masoyan na ta alkawari, amshin na ta ja musu kunne. In labarin na mutum uku ne, kamar yadda galibinsu suke, sai murya ta uku ta shigo, kishiya ko abokin takara, a yi musayar baiti uku-uku. Faɗan da a zube zai zama zage-zage da kokawa, a nan ya zama gasar iya magana, habaici ya maye gurbin mari. Wanda baitinsa ya fi kaifi shi mai kallo ke bi, ko da labarin zai kayar da shi daga baya. Na sha ganin fim ɗin da jarumi ya ci nasara a labari amma ya sha kaye a waƙa, kuma mutane suka tashi suna tausayin wanda aka kayar.

Sangaya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Labarin ɗan sarki ne da yarinya mai hidima a gidan sarauta, Ali Nuhu da Fati Muhammad. A gidan sarauta mai hidima ba ta haɗa ido da ɗan sarki, durƙuso ne da ranka ya daɗe. In aka tsaya a zube, soyayyar nan ba ta da inda za ta tsaya da ƙafarta, sai dai a yi wa al'adar fada ƙarya. Waƙa ce ta ba su fili guda da suke daidai, baiti nasa, baiti nata. Kiɗan kuma, ko da yake daga fiyanon Yamaha ya fito, an nemo masa amon kayan gida, kalangu da sarewa, shi ya sa tsohuwar da ba ta taɓa shiga silima ba ta ji shi a jikinta. Cire waƙar daga Sangaya ka ga abin da zai rage: labarin yarinyar da aka raina da muguwar kishiya irin wanda kowace kaka ta sani. Wannan shi ne gwajin da nake yi wa kowane fim kafin in ba shi gurbi. Ina tsallake waƙar in ga ko labarin ya rame. In ya rame, waƙar tana ɗauke da kaya. In bai ji komai ba, manna ta aka yi.

A nan ne kuma kallo na biyu ke biyan mai haƙuri. Wasila na Yakubu Lere, wanda Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni, labarin cin amanar aure ne, kuma a kallon farko girgizar ganin abin da Jamilu ya tarar a gidansa ce ke cika kai. A kallo na biyu babu girgiza. Abin da ke faruwa shi ne duk kalmar amana da ta fito daga bakin Wasila, a zube ko a waƙe, sai ta yi ɗaci tun kafin a kai wurin. Kana jin zaƙin muryar, kana sane da inda za a kwana. Zube ba ya iya riƙe daɗi da ɗaci a lokaci guda kamar yadda karin waƙa ke yi, domin kari yana shiga jiki ko hankali ya ƙi. Shi ya sa fim mai waƙa mai kyau yake ƙara nauyi da maimaitawa, fim ɗin da ya dogara da ban mamaki kuwa yake raguwa.

Shaidar wannan ba a littafi take ba. Wanda ya yi zamanin shagon hayar kaset zai tuna: ka karɓo fim ɗin da ya sha hannu, ka saka, hoto na tafiya lafiya lau, da an zo wurin waƙa sai layuka su ratsa allo, fuskar jaruma ta fara rawa, sauti ya riƙa jan ƙafa. Zaren kaset ɗin ya siɗe a daidai wurin, saboda kowane gida da ya shiga an mayar da shi baya an sake, an kuma sakewa. 'Yan kallo sun yi nasu jerin tun tuni, da yatsa a kan maɓallin mayarwa. Su ne kuma suka laƙaba wa 'yan wasa sunayen finafinan da suka zauna musu a rai, har sunan ya bi mutum: Rukayya Dawayya, Sadiya Gyale, A'isha Tsamiya, Hafsat Ɓarauniya. Mawaƙiya Maryam A. Baba ma waƙarta ce ta ba ta sunan Sangandale.

Sai zancen Indiya. Ba wanda ke musun an ɗauko. Khusufi na Ali Nuhu daga Taal na Subhash Ghai ya fito, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin irin waɗannan da yawa ya jera su. To sai me? Sholay na 1975, da ake yi wa kirari a Indiya, labarin 'yan ta-kifen da aka ɗauko su kare ƙauye ne, wanda Kurosawa ya yi a Japan a 1954, Amurkawa suka maimaita a 1960 da sunan The Magnificent Seven. Ba wanda ya cire Sholay daga jeri don haka. Iyan-Tama ya ɗauko West Side Story ya yi Tsintsiya, 'yan bokonmu suka yaba. Ashe aron ba shi ne laifin ba, gidan da aka aro daga ciki ne ba su so. Abin tambaya a kan kowane aro shi ne me aka yi da shi bayan an kawo shi gida.

Ni ma dai ban yarda cewa daga Indiya muka koyi tsayar da labari a yi waƙa ba. Abin da muka aro tufafi ne da lambu da juyin kyamara. Ginin kansa na cikin tatsuniya. Duk wanda ya kwanta a gaban kaka ya san cewa idan labari ya kai maƙura, mai ba da shi ba ta ci gaba da magana, sai ta rera. Marainiya a bakin rafi waƙa take yi. Wanda aka zalunta da waƙa yake tona asiri. A tatsuniyar Daskin-da-Riɗi, 'yan mata na zuwa ɗaya bayan ɗaya gaban saurayin da ya ce sai wadda ta san sunansa zai aura, kuma da waƙa ake tambaya, da waƙa ake amsawa, har a zo kan wadda aka raina. Ga musayar baiti tsakanin namiji da mace, ga takara, ga maimaici mai ɗan sauyi kowane zagaye, tun kafin a gina silima a Kano. Ba banza ba kamfanin Sarauniya ya yi fim ɗin Daskin da Riɗi kafin ya yi Sangaya. Ƙara da gaɗa a dandali, inda 'yan mata ke faɗa wa iyaye da samari abin da ba ya faɗuwa da rana, da waƙar niƙa da daka, inda matar gida ke aika wa kishiya saƙo ba tare da ta kira suna ba. Finafinan Indiya sun karɓu a nan ne domin sun tarar da kunnen da aka riga aka horar. Finafinan kaboyi da na Sin ma an kalle su a silimun nan, amma ba su ne masu bandiri suka ɗauki karinsu suka mayar da shi begen Annabi ba.

Masu zancen tarbiyya kuwa, in rawar ce da matsattsun kaya ke damunsu, suna da abin faɗa a kan wasu finafinan na tsakiyar shekarun 2000, kuma ba zan ɓata tawada wajen kare su ba. A lokacin dillalan Ƙofar Wambai da Bata sun gane waƙa ce ke sayar da kaset, sai aka juya aikin: a fara ɗaukar waƙa, a yi talla da ita, a karɓi kuɗi, sannan a nemo labarin da za a rataya mata. Irin wannan waƙa za ka iya cire ta daga fim ɗinta ka dasa a wani, ba wanda zai lura. Ta faɗi gwajin tun a zagayen farko, kuma ba ko ɗaya daga finafinanta a jerina. Amma wanda ya kasa bambanta waƙar talla da waƙar labari, ya haɗa su ya yi musu kuɗin goro, bai isa ya yi wa kowa jeri ba.

Akwai wani zalunci da masu jeri ke yi ba su sani ba. Suna rubuta sunan darakta da na jarumai su tsaya. Muryar da ke fita daga bakin jaruma a lokacin da ta fi kowane lokaci faɗin gaskiya ba tata ba ce. Ta Rabi Mustapha ce, ko Fati Nijar, ko Maryam Fantimoti. Ta jarumin kuma ta Misbahu M. Ahmad ce, ko Mudassir Ƙasim, ko Sani Yusuf Ayagi, daga baya Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef. A wasu finafinan mawaƙin ya fi marubucin fahimtar labarin. Ni a jerina, gefen sunan kowane fim ina rubuta wanda ya rera.

Jerin nawa bai cika goma ba, kuma ban damu ya cika ba. Sangaya ne a sama, Wasila na bi masa. Daskin da Riɗi na nan saboda shi ne gadar da ta haɗa tabarmar kaka da allon talabijin. Mujadala na farko na nan, na 2000. An sake yin sa bayan shekaru da kyamara mai tsada da sababbin fuskoki, kamar yadda aka yi Sabuwar Sangaya, kuma sake yin da kansa shaida ce cewa masu sana'ar sun san inda albarkar take, sai dai ni tsofaffin nake komawa. Ga Duhu Ga Haske na Aminu Saira ya shiga daga baya. Shaihu Umar ina girmama shi, na kuma yarda kowane ɗalibi ya gan shi, amma jerin abin girmamawa daban, jerin abin komawa daban. Na bar gurbi guda ga camama, wato fim ɗin barkwanci, wadda 'yan sentimental masu finafinan soyayya suka raina kamar yadda 'yan boko suka raina su. Marigayi Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a Disambar 2014, yana jure maimaici fiye da yawancin masu manyan riguna, kuma dalilin bai yi nisa da zancenmu ba: abin dariyarsa a karin murya yake, a inda yake jan kalma da inda yake datse ta. Kana iya juya wa allo baya ka yi dariyar daidai wurin.

Wannan ne ya kai ni ga abin da na daɗe ina faɗa ana ce mini na cika kafiya. Fim ɗin Hausa na kunne ne kafin ya zama na ido. A gidajenmu ba a kashe fitila a yi tsit a kalli fim. Ana kallo ana tsintar shinkafa, ana kitso, ana goyo, mai wanke-wanke na tsakar gida tana bin labari ta taga. Fim ɗin da ya san masu kallonsa yana zuba ma'anarsa a sauti: a gaisuwa, a habaici, a karin magana, a waƙa. Shi ya sa fassarar finafinan Indiya irin ta Algaita ta ci kasuwa. Hoton na Indiya ne, amma abin da mutane ke saye bakin mai fassarar ne. Manazarcin da ya zo da ma'aunin haske da kusurwar kyamara kaɗai ya auna rabin fim ne, kuma rabin da masu shi ba su fi ba muhimmanci ba. Kyan hoto kuɗi ke saye, kowace shekara kuma sabuwar kyamara na tsufar da ta bara. Baitin da ya zauna daidai ba ya tsufa da na'ura.

Masu dogon zango na yau, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina da Izzar So, sun kawo abubuwa masu kyau: rubutu ya ƙaru, an taɓo siyasa da asibiti da kotu, an daina dogara da mutum uku da soyayya. Ina kallonsu. Amma gininsu na jan rai ne, kowane kashi ya ƙare a inda za ka ƙagu da na gaba, kuma wannan shi ne ainihin abin da ba ya jure kallo na biyu. Mutum nawa ne suka koma kashi na goma sha bakwai na zangon da ya wuce? Waƙa kuma an kore ta daga cikin labari, ta koma taken buɗewa ko bidiyo mai zaman kansa. Sakamakon haka jaruman yanzu dole su faɗi komai da baki, budurwa ta dubi saurayi ido cikin ido ta zayyana masa zuciyarta a falo. An ce an tsabtace fim daga baƙuwar al'ada, sai ga shi an cire masa hanyar da yake bi ya kiyaye kunya.

Abin da ke gabanmu yanzu ya fi gardamar jeri gaggawa. Finafinan zamanin kaset suna mutuwa a cikin kwalaye, zafi da ƙura na cin zaren, da yawa daga waɗanda suka yi su sun riga mu gidan gaskiya: Tijjani Ibrahim, Balaraba Muhammad, Ahmad S. Nuhu, Hauwa Ali Dodo. Wanda ba a iya kallo ba a iya maimaita shi, balle a ba shi gurbi. Duk mai tsohon kaset a ƙarƙashin gado ya fito da shi a juye shi a kwamfuta tun yana juyuwa, sassan Hausa da na aikin jarida a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo su buɗe ma'ajiyar da za ta karɓa. Masu ɗora tsofaffin finafinai a YouTube kuma, don Allah ku daina yanke waƙoƙin kuna ɗora su daban. Ku bar kowace a inda darakta ya ajiye ta.